Ranar da Kawu Sani ya shiga rabon faɗa

Shekara goma ke nan da aka kashe Kawu Sani, yayan mahaifiyata, a tashar tram, jirgin ƙasa na cikin gari, a Vénissieux kusa da Lyon. Da rana tsaka aka yi, kuma a gaban idona.

A gidansa na sauka da na zo Lyon karatu daga Damagaram. Dattijo na tarar mai aikin sito, yatsunsa biyu na hagu a karkace. A bakin matarsa, Inna Hawwa, na ji dalili. Tun yana saurayi aka tura shi Paris karatu, sai ya faɗa cikin 'yan hippi, matasan nan masu tara suma da ƙin yaƙi. Ya bar lakkol, ya koma kaɗa gitar a wani wasan dandali da ake yi da kiɗan rok. Wata rana wasu da suka tsani wasan suka tare su a ƙofa da sanduna. Suka danne hannunsa a kan dakali, suka yi ta bugu har ƙashi ya fito. Bai rama ba, bai kuma daina kiɗa ba. Da yatsu uku ya ci gaba.

Bayan ya yi ritaya ya tattaro tsofaffin abokansa, suka ce za su maimaita wasan a zauren unguwa. Daga wurin gwaji muka fito ranar. Muna isa tasha muka iske samari sun kayar da wani, suna ta laftarsa da ƙarafa, jini na bin kwalta. Na riƙe rigar Kawu na ce, "Don Allah kar ka je."

Ya ce, "Ɗiyata, kashe shi za su yi."

Ya shiga tsakani hannu a sama. Ɗayansu ya juyo ya sauke masa ƙarfe a ka. Har yau ina jin ƙarar. Ya durƙusa, aka ƙara masa a ƙeya, suka watse. Na tallabe kansa, jini ya jiƙe mini zane. Kwana uku ya yi a asibiti bai farfaɗo ba. Wanda ya je ceto kuwa ya rayu.

An ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wannan magana ba ta taɓa sanyaya mini rai ba. Yanzu in aka yi faɗa a titi, salula ake ɗagawa a ɗauki hoto. Nakan ce da Kawu ya ga haka, me zai ce? Ina jin ba zai tsaya cewa komai ba. Hali zanen dutse ne, shiga zai sake yi.

Ranar addu'ar bakwai wata mata ta buga ƙofa. Na leƙa na gane ta, don unguwarmu ɗaya: uwar wanda ya bugi Kawu ce, ɗan nata yana hannun 'yan sanda. Na ƙi buɗewa. Inna Hawwa ta taso cikin takabarta, ta janye ni gefe, ta ce, "Gidan Sani ne nan. Ba a taɓa mai da kowa daga ƙofarsa ba."

Ni har yau ban yafe ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Waƙoƙinsa ma sun fara ɓace mini. Abin da ya ƙi ɓacewa shi ne matan nan biyu zaune a tabarma ɗaya suna kuka, Inna tana zuba wa baƙuwar ruwa. Allah ya jiƙan Kawu, ya ba ni ko da rabin zuciyarsa.