Shaidar da Baba Sumani Ya Ƙi Bayarwa

Duk shekara in ganyen bishiya ya fara zuba a unguwar Camberwell ta London, za ka ga wani siririn dattijo da baƙar rigar ruwa da jaka a kafaɗa yana hawa benayen council, wato ƙaramar hukuma. Baba Sumani ke nan, kuma aikinsa ƙwanƙwasa ƙofa. Council ke ba shi jerin gidajen da aka aika wa takardar rajistar masu zaɓe ba su mayar da amsa ba, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: wa ke zaune a nan, wa ya tashi, wa ya isa jefa ƙuri'a. Shekara ashirin da shida ya yi yana wannan zirga-zirga. Watan jiya gwiwa ta ce ta gaji, ya mayar musu da jakarsu.

Mutumin Kumasi ne, ɗan zango, Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji. Ko mace Hajiya ce, "ka" yake ce mata. Mu 'yan Kano mun sha yi masa dariya a bakin masallaci, kuma ni Zailani nake jan ragamar tsokanar. Shi dai sai ya yi murmushi ya ɗaure igiyar takalminsa.

Wanda bai taɓa shiga dogayen benayen nan da hantsi ba, bayan yara sun tafi makaranta manya sun tafi aiki, bai san shiru ba. Dogon lungu, ƙofofi iri ɗaya, fitila tana ƙyaftawa da rana tsaka, ba ka jin komai sai takun ƙafarka yana biyo ka. Baba Sumani ba ya taɓa ƙofa sai ya yi sallama, ko da ya tabbata ba kowa a ciki. Na taɓa tambayarsa wa yake gaisarwa. Ya ce bai sani ba, shi ya sa yake gaisarwa.

Janet, wadda suka yi shekara goma sha huɗu suna aiki tare, ta ba ni labarin wani flat a hawa na goma sha ɗaya kusa da Old Kent Road. Ya ƙwanƙwasa, rediyo na magana a ciki, ba a buɗe ba. Ya dawo washegari, tasha ɗaya, ƙara ɗaya. A rana ta uku ya lura wasiƙu sun toshe ramin wasiƙa na ƙofar, ga ƙudaje a jikin gilashin taga ta ciki. Dokar aikinsa ta ce ya rubuta "ba a amsa ba" ya wuce. Bai wuce ba, ya kira 'yan sanda ya zauna a matakala har suka zo. Tsohon da ke ciki ya yi makonni da mutuwa a kan kujerarsa, rediyo na ta karanta masa labaran duniya. Ranar jana'iza mutum uku ne a wurin: fasto, Janet da Baba Sumani. Janet ta ce tun daga lokacin ba ya rubuta "ya rasu" a gaban sunan kowa sai ya tsaya ya motsa leɓe tukuna, Musulmi ne mamacin ko Kirista.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da ya shiga tsakanina da shi, kuma ni ne ba ni da gaskiya.

Yayana, Dakta Abdul-Salam, ya yi shekara ashirin yana aikin likita a Amurka, har ya zama ɗan ƙasa, kafin ya dawo London ya zauna a Plumstead da matarsa Hajiya Zinatu. Ya baro ƙasar, amma bai baro zaɓenta ba. Duk lokacin zaɓe takardar ƙuri'arsa na iso shi ta gidan waya. Jihar da ya zauna tana so mai zaɓe ya sa hannu a jikin ambulan, sannan wani babba da ya ga an sa hannun shi ma ya sa nasa a matsayin shaida. Baba Sumani ne shaidarsa kullum. Sai a dafa shayi, Yaya ya saka tabarau, a yi abin cikin natsuwa kamar ana ɗaurin aure.

Yaya ba ya raga wa 'yan siyasar can. Yakan ce sun iya ɗora hannu a kan littafi mai tsarki da safe, su karya rantsuwar kafin la'asar. Amma yakan ce ba su ke riƙe da ƙasar ba. Masu riƙe da ita su ne tsofaffin matan da ke zama a ɗakin makaranta suna ƙirga takardu, da mutanen da in suka sa hannu a kan abu to haka abin yake. Shi kansa a duk shekarunsa na aiki bai taɓa rubuta wa kowa takardar hutun ƙarya ba. Ni ma na roƙa sau ɗaya, ya kore ni.

A watan Oktoba na wata shekarar zaɓe ciwo ya ci ƙarfinsa. Takardar ta zo, ya cike ta a kan kujerarsa ta falo, ya saka a ambulan. Ya ce wa Hajiya, "Gobe in Sumani ya zo sai in sa hannu. Kada ki bari ta makara." Da asuba ya cika.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, masu gaisuwa sun watse. Hajiya ta fito da ambulan ɗin tana kuka, ta ce, "Zailani, wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Deadline ya kusa, in ba a yi posting gobe ba shi ke nan." Yaya ne ya koya mini rubutu tun ina ƙarami, na san yadda yake karya wuyan harafinsa. Na ɗauki bironsa na sa hannun. Wallahi ban yi gwaji ko sau ɗaya ba, hannuna ya tafi da kansa kamar an riƙe mini shi. Da Hajiya ta gani ta ja da baya ta ce, "Innalillahi, hannunsa ne." Duk da haka na kira Baba Sumani a waya.

Ya zo da rigar ruwansa tana ɗiga. Ya yi gaisuwa, ya karɓi ambulan, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yaushe Likita ya sa?"

Na ce, "Kafin ya cika, Baba. Kai dai ka sa naka."

Bai kalle ni ba. Ya juya wajen kujerar Yaya. Bargon yana ninke a hannunta, tabarau na kan ɗan teburin gefe, katifar kujerar har lokacin da lotsawar zamansa. Ya matsa kusa, ya ɗan rusuna, ya ce, "Salamu alaikum, Likita. Kai ka sa hannu a nan?"

Sannan ya tsaya yana jira. Ba wasa yake ba, jira yake yi na gaske, kansa a karkace kamar mai sauraron wanda muryarsa ta yi ƙasa. Falon ya yi tsit. Ina jin ruwan sama a taga. Na sami kaina ni ma ina kallon kujerar, kuma tsoron da ya kama ni ba na kada ta amsa ba ne kawai. Na san abin da za ta ce in ta amsa. Can ramin wasiƙa na ƙofar gida ya yi ƙara, wani abu ya faɗo a kan dabe. Hajiya ta yi salati da ƙarfi. Daga baya muka ga takardar asibiti ce, da sunansa a kai, ana tuna masa ranar ganin likita.

Baba Sumani ya miƙe ya ce, "Duk zaɓe ina tambayarsa haka, yana amsawa. Yau bai amsa ba. Hajiya, ka yi haƙuri."

Na hau shi da faɗa. Na ce wasiyya ce, mamaci ya faɗi abin da yake so da bakinsa, ya cike takarda da hannunsa. Na ce ƙuri'a ɗaya cikin miliyoyi, a ƙasar da ba tasa ba, wa zai sani?

Ya ce, "Malam Zailani, takarda bai ce na san abin da yake so ba. Ya ce na gani da idona. Ni ban gani ba. Da bakin nan nake shaidawa babu abin bauta sai Allah. Shaida guda ɗaya nake da shi, ba ni da na biyu da zan ara wa Amurka." Ya ajiye ambulan a kan tebur. "Likita ya tafi da hannunsa tsaf. Kada ku bi shi kabari da abin da bai yi ba."

Abin da na faɗa masa bayan nan ba zan maimaita ba. Ya shafi garinsu da Hausarsa da ƙaramin aikinsa. Na buɗe masa ƙofa da kaina. Yana fita Hajiya ta ɗauki ambulan ta yaga shi biyu, ta ce da ni, "Ni na sa ka, Allah ya yafe mana." Bayan ta fita takaba, Baba Sumani ta nema ya taya ta rubuta wa ofishin zaɓen can cewa a cire sunan mijinta. Ni kuwa shekara biyu ina sauya layi a masallaci don kada kafaɗata ta taɓa tasa.

Da an aika takardar, ban san ko za a kama mu ba. Mai yiwuwa har abada ba wanda zai gane, kuma wannan ne ya fi damuna. Lokacin da na ji ana ta cacar baki a can kan wai matattu sun jefa ƙuri'a, kowa na rantsuwa yana ƙaryata ɗan'uwansa, sai na tuna da ƙyar Yaya ya tsira daga zama ɗayansu, kuma a hannun ƙaninsa. Mutumin da ya rayu bai yi ƙarya a takarda ba, saura kaɗan in mayar da aikinsa na ƙarshe a duniya ƙarya, ina kiran abin biyayya.

Baba Sumani, kai ne ka tsare masa mutuncinsa ranar da jininsa ya kasa. Kai ne mai sallama a ƙofar da ba kowa, mai tsoron Allah a wurin da ba mai duba aikinka. Ba ka taɓa taka Amurka ba, ba ka san ma wanda Yaya ya zaɓa ba, amma ka riƙe musu amanar zaɓensu fiye da wasu da suka rantse a kanta a gaban duniya. Na gode, Hajiya ta gode, kuma na tabbata da Yaya zai iya amsa sallamarka ran nan, godiya zai yi.

Ku kuma 'yan'uwa, wata rana za a miƙo muku takarda a ce "sa hannu kawai", kuma wanda zai miƙo ba maƙiyi ba ne, naku ne, wataƙila ma yana kuka. Ku tambayi kanku ko kun gani.

Baba, shekarun nan duka ban iya tsayawa a gabanka na faɗa ba, ga shi na faɗa a gaban jama'a tun kana da rai kana ji: ƙarya na yi maka, na kuma ci mutuncinka don ka ƙi taya ni. Ka yafe mini.