Baba Mai Fenti da Allon Shagon Ɗinki

Akwai lokacin da in ka bi layin shagunan nan, tun daga bakin gada har zuwa tashar mota, rubutun hannu ɗaya za ka yi ta karantawa. Mai gyaran agogo, mai sayar da taya, kantin magani, ɗakin ɗaukar hoto, duk allon da ke saman ƙofa Baba Mai Fenti ne ya rubuta shi. A lokacin ba a fara ce masa Baba ba. Dogo ne siriri, kullum da ƙaramin burushi a bayan kunne, kuma ko da sabulun duniya ya wanke hannu sai ka ga shuɗi a gefen farcensa.

Aikinsa yana da ƙa'ida. Sai ya goge katako da samfefa har ya yi santsin kumatun jariri, sannan ya shafa farin fenti sau uku, kowane shafi sai ya kwana ya bushe. Ba ya jan layi da alli, yakan ce wannan aikin 'yan koyo ne. Shi dai in ya rubuta harafi biyu ko uku, sai ya ajiye burushi, ya jingina allon, ya yi taku ashirin zuwa ɗaya gefen titi, ya juyo ya duba. A cewarsa, allo ba don mai shago ake yin sa ba, don mai wucewa ne a can tsallake, wanda ke sauri kuma rana ke dukan idonsa. Daga can ne ake ganin harafin da ya kwanta da wanda ya matse ɗan'uwansa. A yini ɗaya yakan tsallaka titi sau arba'in. Da wannan tsallaken ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Sai aka kawo injin buga bana, wato allon talla na leda. Wani matashi da ake kira Injiniya ya buɗe shago a kan kwana, in ka kai masa sunan shagonka da safe, kafin rana ta yi tsaka ya miƙo maka leda mai faɗi da hoto da lambar waya. Bayan bana aka shigo da akwati mai fitila a ciki, aka zo da haruffan roba masu tudu da ake mannawa a bango, da sitika ta jikin gilashi, har da wani jan rubutu mai gudu kamar an biyo shi. Allunan Baba suka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ga na mai taya an yi benci da shi. Na ɗakin hoto kuwa an rufe bakin kwata da shi.

Ya saki shagonsa, ya kwaso gwangwanayen fenti ya jera su a ƙarƙashin gado. Abin da ya rage masa a layin shi ne bencin Mai Aski, abokinsa tun suna samari, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

"Ga gwanin zane nan, mai shago a ƙarƙashin gado," in ji Mai Aski in ya hango shi. "Zo ka zauna, ko ka shafa wa sanƙon nan nawa baƙi in koma saurayi?"

"Ko fenti yana zaɓar wurin zama," in ji Baba.

Abin da bai gaya wa Mai Aski ba, bai gaya wa kowa ba, shi ne yanar da ta fara rufe masa ido. Da farko kamar hayaƙi ne a gefe. Daga baya ya zama da murya yake gane mutane, ya kuma koyi yin gaisuwa mai tsawo har mai maganar ya bayyana kansa.

Shekara uku bai riƙe burushi ba, sai ran nan wata mace ta yi sallama a gidansa. 'Yar marigayi mai gyaran rediyo ce, ta koyi ɗinki, ta karɓi tsohon shagon mahaifinta, dab da na Mai Aski.

"Baba, allo nake so, irin na babanmu. Mai farin ƙasa da shuɗin rubutu. Tun ina ƙarama a jikinsa na fara haɗa baƙi."

"Ba ki je wajen Injiniya ba?"

"Kowa can yake zuwa. Layin duk ya zama abu ɗaya. Ni na hannu nake so."

Baba ya murza gwiwarsa. Ya san in ya ce a'a, shi ke nan, babu wata mai sallama da za ta sake zuwa. In kuwa allon ya hau ya yi kyau, ko mutum ɗaya ne zai tsaya ya tambayi wanda ya rubuta.

"Ki ba ni kwana goma, 'yata."

Ya zaɓo katako da kansa, da tafin hannu ya zaɓe shi. Guga da shafe ba su ba shi wahala ba, hannu ya san hanyarsa. Inna, matarsa, ta ji shi yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa a tsakar gida, abin da ta manta rabon da ta ji. Gwangwani biyu sun daskare, na uku ya yi ɓawo a sama, ya ɗaye shi ya tarar da shuɗin da rai a ƙasa.

Rana ta biyar ya fito da allon zuwa ƙofar gida, ya jingina da bango. Ya kai fuskarsa kusa, tazarar ɗani ɗaya, ya rubuta haruffa uku. Suka fito sumul, ƙafafunsu a tsaye, hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Ya ajiye burushi, ya ƙirga takunsa ashirin, ya juyo.

Wani farin abu ne kawai a jikin bango, da ɗan duhu a gefensa. Ya murza ido. Ya matso taku biyar, ya ƙara biyar. Sai da ya rage taku biyu sannan haruffan suka dawo.

Maƙwabta suna zaune a inuwa suna kallo, wani har yana cewa yau an tuna da da. Don haka Baba ya ci gaba. Ya rubuta uku, ya taka ashirin, ya juyo, ya karkata kai, ya gyaɗa shi kamar mai ganin wani abu, ya dawo.

Da ya shigo shan ruwa, Inna ta tare shi a zaure. Ita ce ke zura masa zare a allura shekara biyu, ita ke ajiye masa takalmi a wuri ɗaya kullum ba tare da ta ce komai ba.

"Malam, in tsaya maka a can in riƙa dubawa?"

"Yaushe kika yi karatun boko?"

"Ban yi ba. Amma na san karkatacce in na gani. Ko ka ja layin nan da alli, wa zai sani?"

"Shekara arba'in ban ja layi ba, sai yau a gaban mutane? Ki kula da tukunyarki."

Ta koma ciki. Ba ta sake leƙowa ba har ya gama.

Ranar da aka kafa allon, Baba yana ƙasa riƙe da tsani, kafinta na sama yana buga ƙusa. Ya kasa kunne yana jiran Mai Aski. Da zai ce rubutun kamar tafiyar kaza, da hankalin Baba ya kwanta. Amma Mai Aski ya fito, ya tsaya, ya yi gyaran murya.

"Sannu da aiki, Malam," in ji shi, ya koma shago.

Shekara hamsin suna tare, bai taɓa ce masa Malam ba.

Maɗinkiyar ma ta daɗe a tsaye. "Sannu da ƙoƙari, Baba. Allah ya saka da alheri." Ta rako shi har bakin titi, tana ta godiyar da ta fi ƙarfin aikin.

Kwana uku bai fita ba. A na huɗu, Inna tana tsince shinkafa a faranti, ya zauna kusa da ita.

"Kin wuce ta layin?"

"Na wuce."

"Gaya mini."

Ta ajiye farantin. "Kowane harafi shi kaɗai yana da kyau, Malam. Amma sun fara daga sama suna gangarowa, kamar awaki za su rafi. Na farkon manya ne, na ƙarshen sun cunkushe a kusurwa, ɗaya a kan ɗaya. Daga tsallake ba a gane ƙarshen."

"Mutane suna dariya?"

"Ba sa yi. Da ma sun yi."

Ya daɗe yana kallon inda yake zaton hannuwansa suke. Sannan ya tambaye ta ko tayin nan nata yana nan. Ta ce yana nan. Suka tsara: zai roƙi yarinyar a sauko da allon, ya goge shi, ya sake shafe uku. Zai shafa wa igiya alli ya buga layi sama da ƙasa, kamar ɗan koyo. Inna za ta tsaya a taku ashirin, in harafi ya kwanta ta ɗaga hannu, in ba zai ga hannun ba ta yi magana, kowa ma ya ji. Sai dai ya ɗauke shi mako guda kafin ya iya haɗa kalmomin da zai faɗa wa maɗinkiyar. Ya sayi alli da siririyar igiya, ya sa a aljihu, ya kama hanya da hantsi.

Tun kafin ya isa ya ga launin saman ƙofar ya sauya. Inda ya bar fari, yanzu wani ja ne da ruwan ɗorawa yake ƙyalli. Keken ɗinki ya tsaya a ciki, maɗinkiyar ta fito da sauri, tana goge hannu a zani.

"Baba, ina ta so in zo gida, kunya ce ta hana ni. Masu kawo ɗinki ne suke wuce shagon, sai sun kira waya. Shi ne na ce Injiniya ya buga mini bana."

"Ina allon?"

Mai Aski ne ya amsa daga ƙofarsa, a hankali. "Yana nan inda yake. Juya shi aka yi, aka ɗame ledar a bayansa."

"Ban yar ba, Baba, wallahi," in ji ta. "Injiniya ma cewa ya yi bai taɓa ganin katakon da aka gyara kamarsa ba. Ya ce zai shekara ashirin."

Baba ya matsa jikin bango, ya miƙa dogon hannunsa sama. Ya taɓa leda mai sanyi da kawunan ƙusoshi. Ya zura yatsa ta ƙasan katakon, tsakaninsa da bango, ya ji ɗan tudun fenti, gindin wani harafi, bai san wanne ba. Ya bi gefen ledar da yatsa har kusurwa.

"Nan bai kama ba," in ji shi. "Ki ce ya ƙara ƙusa, in ba haka ba iska za ta shiga ta yage miki ita."

"To, Baba. Ka shigo ka sha ruwa mana."

"Na sha a gida."

Mai Aski ya jawo benci ya karkaɗe masa, amma Baba ya ce rana ta yi, ya juya.

Inna ta riga ta share ƙofar gida, ta fito da gwangwanin farin fenti da samfefa ta ajiye a zaure. Da ta ji takunsa ta taso, mayafinta a kafaɗa.

"Yaushe za a kawo shi? Yau za mu fara gugar?"

Ya zaro igiyar daga aljihu, ya lalubo hannunta ya danƙa mata.

"Ki ɗaura a tsakar gida, ta shanyarki ta tsufa."

Ya wuce ɗaki yana bin bango da hannu. Ta tsaya a zaure da igiyar, sannan ta sunkuya ta ɗauki gwangwanin ta bi shi da shi.