Wata Ukun Muhsin a Garejin Idrisa

Duk ɗan kabu-kabun da ke Dungas ya san Idrisa mai gyaran moto, ya kuma san bakinsa. Mutum ne da bai iya yabo ba. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka kuskure ya wanke ka tas a gaban jama'a. Haka aka koya masa a Daura yana saurayi, shekaru ya yi yana shara da wanke ƙusoshi kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa inji. Hanyar da ya sani ke nan, bai kuma taɓa zaton akwai wata ba.

Tsufa ya fara kama shi ta ido. Ƙusa in ta faɗi sai ya lalube ta da hannu. Ƴaƴansa mata ne, duk suna gidan aure, yaran da ya yaye a sana'ar kuwa kowa ya kama gabansa. Abin da ke cin ransa shi ne wa zai bar wa garejin.

Ana haka sai direktan wata makarantar koyon sana'a ta Magariya ya zo masa.

"Malam Idrisa, mu allo gare mu, ku ke da injuna. Ka karɓi ɗalibinmu ɗaya ya yi sitaj, wato koyon aiki, na wata uku, hannunsa ya saba."

"Turo shi," in ji Idrisa.

Suka yi musabaha. Direkta bai faɗi abin da za a koya ba, Idrisa bai tambaya ba. Shi a ransa wata uku ai ko gaisuwa ba a gama ba.

Wanda aka turo Muhsin ne, ɗan wani manomi Habu na Dogo-Dogo, dogon saurayi marar surutu. Ranar farko Idrisa ya miƙa masa tsintsiya. Ba a jima ba ya gane irin kunnen da Allah ya ba saurayin. Moto na tahowa yana tari, Muhsin zai ce a hankali, "Buji ne," a duba kuwa a tarar bujin ne, wato fulogi. Idrisa ya ji sanyi a ransa, ya ce magaji ya samu. Matarsa Tabawa kaɗai ya gaya wa.

"To ka faɗa masa mana, Malam," ta ce.

"In faɗa wa yaro ya iya? Kansa ya kumbura?"

Sau ɗaya Muhsin ya yi ƙarfin hali. "Baba, lokacina ya kusa ƙarewa, ban taɓa kwance inji ba."

"Sharar ka gama iyawa?" in ji Idrisa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Da Muhsin ya koma makaranta aka ajiye masa inji a jarrabawa, aka ce ya kwance ya ɗaura. Ya faɗi. Idrisa bai ma sani ba. Jira yake a gama girbin gero saurayin ya dawo, kamar yadda kowane yaron gida yake dawowa wurin maigidansa. Har ya kai kuɗi aka sayo masa sababbin kayan aiki daga Damagaram ya ɓoye. Muhsin kuwa ya bi ƴan garinsu arewa haƙar zinariya. Kafin wata damina ta zagayo rami ya rufta da shi.

Wani ɗan kabu-kabu ya kai Idrisa gaisuwa Dogo-Dogo. Habu ya shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, aka yi addu'a aka shafa. Idrisa yana neman ta inda zai fara, uban ya riga shi, kuma babu ko ɗigon zargi a muryarsa.

"Mun gode da riƙon da ka yi masa, Malam. Ya gaya mana kai ba ka cuce shi ba. Ya ce tun farko ka duba ka ga hannunsa bai dace da sana'ar ba, shi ya sa bai koma ba, bai so ya ɓata maka lokaci ba."