Larabar da Uwata Ta Ɗauko Ƙannenta

A shekarun da yara suke ƙanana, ranar Laraba ba tawa ba ce. Makarantun Douala suna tashi da wuri ran nan, yamma kuma kowane yaro da inda za shi. Mahaifiyarsu tana sayar da albasa a kasuwar Sandaga, ba ta dawowa sai dab da magariba, don haka jigilar ta faɗo kaina. Da na idar da azahar a ofishinmu na fiton kaya, sai in tayar da babur in nufi unguwarmu, New Bell.

'Ya'yana uku. Babbar mace ce, sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Ita ƙwallon hannu take bugawa a filin wata makaranta. Na tsakiya yana zuwa ƙarin darasin lissafi wurin wani malami a unguwar Kassalafam, kullum yana tafe yana ƙunƙuni. Auta kuwa Islamiyya, da 'yar jakarsa mai jan ƙasa. Auta a kan tanki, na tsakiya manne da bayana, Uwata a can ƙarshe. Da farko saman ɗankwalinta kawai nake hangowa a madubi. Ban san lokacin da goshinta ya fito ba, sai wata rana na ga idanunta suna kallona.

In na sauke su, ba na komawa ofis. Nakan zauna a bencin mai soya makala, wato fanken Kamaru, ƙamshin mai da na wake yana tashi, ina jin karatun yara daga bayan katanga kamar ruwa yana gudu a kwata. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ni, in farka ban san wanne zan fara ɗaukowa ba.

Wata Laraba da damina, bayan na rarraba su, aka kira ni ofis. A hanyar dawowa ruwa ya tsinke, irin na Douala wanda ba ya sallama. Babur ya sha ruwa ya mutu. Na sauka ina turawa, ruwa har ƙwauri, zuciyata tana wurin Auta, domin tsoron tsawa yake ji.

Filin ƙwallon ba kowa, sai raga tana ɗiga. Na wuce Islamiyya, na tarar da malam yana naɗe tabarmi.

"Yayarsa ta zo ta tafi da shi," in ji shi. "Ta ce za su biya su ɗauki ɗan'uwansu."

Na ci gaba da turi. Ruwan ya sassauta ya koma yayyafi, hasken yamma ya yi rawaya, kwanon gidaje yana tururi. Da na karya kwanar lungunmu, sai na hango wata mata a gabana tana ratsa ruwa. Ta goya yaro da mayafinta, wani yaron yana riƙe da gefen rigarta, ta ɗora jakunkuna a ka ba ta ko tallafa ba. Tana taku a hankali, tana laluben ƙasa da ƙafa kafin ta taka. Haka mahaifiyata take tafiya in ta dawo daga kasuwar Youpwé da kwanon kifi, ni a bayanta ina jin ƙarni da ɗumin jikinta. Na tsaya cak, hannuna a kan babur. Na ɗan jima ban san ko ni wane ne ba, uban yaran nan ko yaron da aka goya.

"Uwata!"

Ta juyo duk da kayanta. Fuskar yarinya ce, ruwa yana bin hancinta.

"Baba, dubi yadda ka jiƙe. Tu vas tomber malade, za ka kamu da rashin lafiya. Bi ta gefen katanga, akwai rami a tsakiya."

Na bi ta gefen katanga.

A gida ta sauya wa Auta kaya, ta ɗora ruwan shayi, ta kori na tsakiya ya shanya littattafansa. Ni dai ina zaune ina kallo. Mahaifiyarsu ta shigo tana matse zane, na raɗa mata cewa yarinyar nan fa ta girma.

"Sai yau ka gani, Malam? Tun azumi takalmina take sawa."

Sai da aka sha shayi na lura da jini a siminti. Kwalba ce ta yanki Uwata a tafin ƙafa tun a Kassalafam, ta yi shiru don kada ƙannenta su firgita. Na ɗora ƙafar a cinyata, na jiƙa auduga da magani. Ina taɓa wurin ta fashe da kuka, kuka sosai, har da shessheƙa.

"A hankali, Baba, da zafi!"

Na riƙa hura mata wurin ina ba ta haƙuri. Auta ya matso ya tsuguna kusa da ni, ya cika kumatu, shi ma ya shiga hurawa.