Inna Kulu ta tafi ban ba ta amsa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina juya kifi a banda da safen nan aka bugo mini waya daga Wara, wai Inna Kulu ta rasu.

Na ce to. Na ci gaba da juya kifina. Har yanzu ko ɗigon hawaye bai zo ba.

Ku kun san ta da shugabancin ƙungiyarmu ta mata masu bandar kifi, tana bin ƙauyukan bakin ruwa a jirgi tana roƙon ungozomomi su daina yankan gishiri.

Ni tun tana ungozoma na san ta.

Ita ta sa mini aska a haihuwar fari, da naƙuda ta kwana biyu, wai hanya ce ta toshe. Ɗan bai zo da rai ba, ni kuma na tashi da yoyon fitsari. Shekara uku ko gidan suna ba na leƙawa.

Wata rana sai ga ta a gidanmu a Yelwa, ta ce ta jefa askar a ruwa. Ko tabarma ban shimfiɗa mata ba. Ita ta tara mata suka kai ni asibiti aka yi mini aiki. Ita ke wanke mini zannuwa, ban taɓa ganin ta toshe hanci ba.

Da na warke muka riƙa shiga jirgi tare. In tsofaffi suka ce ai haka muka tarar, sai ta buɗe musu tafin hannunta, ta nuna ni: "Wanga hannun ne ya yi. Ku tambayi Rabi abin da ya bar mata."

Ran kasuwar da ta wuce mun haɗu a bakin ruwa. Ta cusa mini ƙullin yaji a jaka, ta riƙe mini hannu.

"Ɗiyata, kin ci tuwona, kin kwana ɗakina, amma ba ki taɓa cewa kin yafe min ba."

Na yi dariya, na ce haba Inna, jirgi zai tashi, sai mun haɗu. Ta ce to, Allah shi kai mu.

Wallahi ban san abin da ya riƙe mini baki ba.

Inna, na yafe miki duniya da lahira. Ku da ke karantawa, ku ne shaiduna.

Allah ya jiƙan ta, ya haskaka kabarinta, ya karɓi tubanta. Don Allah ku sa ta a addu'a, ku roƙa mini Allah ya isar mata da amsar nan.