Rabin Daɓen da Abba Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran mahaifina, wanda aka fi sani da Mai Katako. Ciwon ƙirji ne ya kama shi yana tsakiyar aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Abba, ka san ni ba mai magana ba ce. Ko a aji sai malama ta ce in ɗaga murya. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Sana'arka shimfiɗa katako a daɓen ɗakunan mutane, da gyara wanda ya kumbura ko yake ƙara idan an taka. Gwiwoyinka har sun yi kanta. Cikin masu zuwa gaisuwa na ji wata tana cewa, Allah sarki, ya ƙare rayuwarsa a durƙushe a gidajen wasu. Ban yarda da wannan tausayin ba. Da ma ta tambayi maƙwabciyarmu mai ɗinki, wadda ruwa ya kumbura mata daɓe har ƙofa ta daina rufuwa. Ranar hutunka ka je, ka cire falankan da suka lalace ɗaya bayan ɗaya, ka sa mata ragowar wani aikinka. Da ta rasa bakin godiya, ka ce in dai za ta daina wanke ɗaki da bokiti kamar mai wanke mota, kun rabu lafiya.

Ba ka taɓa buɗe kwalin katako ranar da aka kawo shi ba. Sai ya kwana biyu a ɗakin, ya saba da iskar wurin. Umma takan tsokane ka, wai har katako baƙo ne da za a bari ya huta. Kai ka nuna mini cewa laminet, wato irin katakon daɓen da kake shimfiɗawa, ba a buga masa ƙusa. Gefen wannan ke shiga gefen wancan a kan soson da aka shimfiɗa a ƙasa, a bar 'yar tazara a jikin bango, domin yana buɗewa yana tsukewa da zafi da sanyi. Idan aka danne shi, sai ya tashi a tsakiya.

Aikinka na ƙarshe ɗakin Kaka ne, mahaifiyarka. Simintin ya farfashe, sandarta tana maƙalewa, har ta faɗi. Ka mayar da gadonta falo, ka daidaita ƙasan, ka shimfiɗa rabi. A kan wannan rabin aka same ka.

Ana cikin karɓar gaisuwa, Baffa, yayanka, ya taka bakin daɓen ya ji yana motsi. Da kyakkyawar niyya ya ɗauki gudumarka ya bi layin ƙarshe da ƙusoshi, kada baƙi su yi tuntuɓe. Da mutane suka watse, sai ya yanke cewa ɗakin ba zai zaunu ba. Kaka za ta koma gidansa, kayan aikinka kuma a ba wani kafinta. Gidan Baffa a saman bene yake. Idan Kaka ta hau, ba za ta ƙara saukowa ba, kuma ta san haka. Sai share ido take da gefen mayafi. Umma kuwa ba ta da ƙarfin gardama.

Abba, ni ce na tashi. Na ɗauki gudumar na fara zare ƙusoshin a gaban Baffa. Ya tambaye ni ko kaina ɗaya.

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Abba ba ya buga wa wannan ƙusa. Kuma Kaka ba inda za ta, mu za mu ƙarasa."

Ya ce zarto ba biro ba ne, in koma kan littafina. Sai Kaka ta ɗago.

"Bar ta. Kai da ko ƙusar rataye agogo ba ka iya bugawa a miƙe ba tun kana yaro."

Kullum idan na dawo makaranta sai mu shiga. Ni ke aunawa, Umma ke yanka, ashe duk shekarun nan tana kallon hannunka. Falankan da ƙusa ta huda muka yanke wurin hujin muka fara sabon layi da su. Layin ƙarshe ya ba mu wahala, sai da muka ɓata guda biyu. Da muka gama, Baffa ya zo ya cire takalmi, ya taka daga ƙofa zuwa taga ya dawo. Bai yaba ba. Ya dai kama gefe ɗaya na gadon, ya ce in kama ɗayan. Kaka tana ɗakinta yanzu, kuma zartonka ba zai bar gidan nan ba.

Allah ya jiƙanka, Abba, ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka, da Umma, da ƙannena, da Baffa wanda shi ma ƙaninsa ya rasa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.