Baba Roja da Lamba Biyar

Duk wanda ya san Baba Roja ya san ba ya cewa "to". Ka ce masa tuwo ya sauka, ya ce "Roja." Ka ce masa akuya ta shiga rumbu, ya ce "Roja," sannan ya nemi sanda. In kuma bai ji ka ba, ko ya ji amma maganar ba ta yi masa daɗi ba, sai ya kama kunnensa ya ce "Se agen," wato sake faɗi. Waɗanda suka je ɗaurin auren Anti Rabi za su tuna, da liman ya tambaye shi ko ya ba da ita, sai ya ce "Roja." Liman ya ce, "Malam Idi, da Hausa dai." Ya ce, "Na ba da. Oba," wato ya gama magana.

Ga surukanmu da ba su daɗe da shigowa wannan guruf na 'yan gida ba: kakana ne, Malam Idi na Sheme. Shekara talatin ya yi a filin jirgin sama a birni yana tura matakalar da fasinjoji ke hawa. Can ya tsinci maganar matuƙa da mutanen hasumiya, masu ba jirgi izinin tashi da sauka. Ya hau matakalar nan ba adadi, amma iyakarsa bakin ƙofa. Bai taɓa tashi sama ba ko sau ɗaya.

Ni kuwa kun san ni da cutar jirgi. Na samo tsohuwar kwamfuta a Funtuwa, na yi ta kallon bidiyo a waya har na iya sa mata manhajar koyon tuƙin jirgi. Wallahi abin sai wanda ya gani, ga gajimare, ga titin jirgi, ga agogunan nan duka suna motsi. Daga baya na ƙara wata manhaja da ke zama kamar mutumin hasumiya: ka danna maɓalli ka yi magana da bakinka cikin makirfo, ita kuma ta ji ta amsa da muryar wani Bature. Baba ne ya raɗa masa suna Ɗan Hasumiya.

Matsalar ita ce Ɗan Hasumiya ba ya jin maganata. Sati biyu ina fama. Na ƙara ƙarfin makirfo, na rage, na gano har harshen kwamfutar sai ya zama irin Turancin da manhajar ke so, na gyara. Ya fara jina, amma duk lambar da ke da uku a ciki sai ya ƙi. Ni kuma na dage ina sa harshe tsakanin haƙora kamar yadda malamin Turanci ya koya mana a sakandare. Baba yana kan tabarma a zaure yana ɓare gyaɗa, ashe duk yana saurare.

Ya ce, "Injiniya, mi kake ta hura wa kamar mai hura wuta?"

Na ce, "Uku nake cewa, Baba."

"Ba ni nan."

Ya karɓi makirfon kamar zai karɓi goro, ya ce, "Tiri." Nan take Ɗan Hasumiya ya amsa. Na je na bincika, ashe a maganar jirgi haka ake faɗinta da gangan, "tiri", irin ta mutanen ƙauye sak. Baba ya koma kan gyaɗarsa ya ce, "A kai ka makaranta shekara shida su lalata maka uku."

Daga ranar ya tare a gefena. Kullum da hantsi, in batirin sola ya cika, sai ka ji sandarsa.

Akwai lokacin da makirfon ke ɗaukar numfashi, kowace magana ta fito da "fuf, fuf". Na ce sai an sayo soson da ake sa masa a baki. Kun san Baba da sayen abu. Mutumin da ya yi shekara goma da takalmin roba ɗaya yana liƙe shi da wuƙa mai zafi. Ya shiga ɗaki ya fito da safa ƙafa ɗaya, ta zamanin aikinsa, ya zura wa makirfon ya ɗaure da kyauro. Na ce, "Baba, an wanke ta kuwa?" Ya ce, "Shi Baturen hanci gare shi?" Abin haushi, ta yi aiki. Har yau ita ce a jiki.

Zakaran kakata Inna ma ya sha shiga harkar. Wata rana na danna maɓalli zan yi magana, ya yi cara a bakin ƙofa, sai Ɗan Hasumiya ya amsa masa ya ba shi izinin juyawa dama. Baba ya dubi zakaran ya daɗe, ya ce, "Ka ga wanga da Sallah ba za a yanka shi ba. Ma'aikaci ne."

To, abin da ya sa nake rubutun nan shi ne na lamba biyar, don har yanzu wasunku na yi mini kallon wanda ya kusa kashe kakansa.

Bayan wata uku Baba ya ce ya gaji da zaman ɗan kallo, shi zai sauke jirgi da kansa. Na saita masa jirgin yana sama kusa da fili, saura sauka kawai, don ya ce tashi ba wani abu ba ne, sauka ita ce aiki. Sai ya kafa sharaɗi: jirgin ya zama na ƙasarmu. Lambar kowane jirgin ƙasar nan kuwa da biyar take farawa, sai harafin N, a baki a ce "faif Nobemba". Ya kuma ce a sa harafin F saboda ƙaramar hukumarmu Faskari, shi kuma a maganar jirgi "fokstirot" ake ce masa. Duk lokacin da za ka yi wa hasumiya magana, sai ka faɗi sunan jirginka.

Ku tuna Baba ko Faskari "Hwaskari" yake ce mata. Ga shi haƙoran gabansa na sama sun daɗe da yin sallama.

Ya gyara hula, ya danna maɓalli, ya ce, "Hwaib Nobemba Hwakistiro."

Ɗan Hasumiya ya ce, "Se agen."

Baba ya maimaita da ƙarfi. "Se agen." Inna tana tankaɗe a tsakar gida, sai da ta ajiye rariya don dariya. Ta ce, "Alhamdu lillahi, na ga ranar. Shekara arba'in kana yi mini ita, yau ga wanda ya rama mini."

Da farko abin dariya ne. Baba ya yi ta zagaye a sama har batiri ya mutu, washegari ya dawo. Sai ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Ranar Alhamis Kawu Sani ya kai shi wurin malamin asibiti a Faskari, aka ce a wuce da shi Funtuwa ba tare da ɓata lokaci ba. Baba ya dawo gida ya zauna a zaure ya ce ba inda za shi.

Kawu ya ce, "Baba, mota na waje."

"Se agen."

"Na ce mota na waje."

"Ni ina bisa, ba a ba ni izinin sauka ba. Wanda bai sauka ba ina za shi tahi?"

Kawu ya juyo ya yi mini wani mugun kallo. Ya ja ni waje ya ce, "Nura, kai ka ɗora shi, kai za ka sauke shi. In wani abu ya same shi, ka san abin da za ka gaya wa mutane."

Ba abin da ban gwada ba. Na ce, "Baba, wasa ne fa, ka sauka kawai, ba mai kama ka." Ya ce shekara talatin bai taɓa ganin jirgi ya sauka ba izini ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Na ce in faɗa a madadinsa. Ya ce wanda ke riƙe da jirgi shi ke magana. Na ce mu sauya lambar zuwa ta wata ƙasa da ba ruwanta da biyar. Ya ce, "In sauka ƙasar ubana da jirgin aro?" Na kawo madubin Inna na nuna masa yadda ake ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Ya buɗe baki ya nuna mini dasashi ya ce, "Ga wurin, kawo haƙoran."

Ranar Asabar na yi abin kunya. Akwai inda za ka danna a kwamfutar ka nemi izini ba tare da magana ba. Yana faɗin "hwaib" na saci hannu na danna. Ɗan Hasumiya ya ba da izini. Kawu har ya miƙe yana lalubar makullin mota. Baba bai ko motsa ba. Ya ce, "Injiniya, ɗaga hannuwanka bisa mu sake." Na ɗaga. "Se agen." Ya ce, "Ido na ke ciwo ko ƙahwa?"

Ranar Lahadi da safe ƙafar ta kai ko takalmin robar ba ya shiga. Na durƙusa gabansa, hawaye na zubo mini, na ce, "Baba, don Allah ka gwada sau ɗaya, ka ce faif."

Ya dube ni, wannan karon ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Tsaya in tambaye ka. Ni da Baturen ga, wa ya zo garin wani?"

Na ce, "Shi."

"To mi ya sa ni zan koyi bakinsa? Ka ce masa nan Sheme hwaib ake cewa."

Na buɗe baki zan ce ba a yin haka, sai na tsaya. Duk kwanakin nan bakin Baba nake ta ƙoƙarin gyarawa, ban taɓa tunanin gyara kunnen kwamfutar ba. Na hau kan dutsen bayan masallaci inda sabis ke kamawa, na yi ta bincike har rana ta take. Ashe akwai wani ƙamus ɓoye a cikin kwamfutar: ka rubuta kalma, ka ɗauki muryar mutum yana faɗinta yadda yake faɗi, shi ke nan ta riƙe cewa wannan sautin wannan kalmar ce. Na dawo a guje har na bar silifas ɗaya a hanya.

Na buɗe wa Baba rajistar murya tasa ta kansa. Muka bi duk kalmar da ke da F a Turance ɗaya bayan ɗaya: biyar, huɗu, hagu, sunan harafin. Yana faɗi ina adanawa. Aka kulle zakara a akurki, Inna ta daina daka.

Bayan la'asar ya kama sandar tuƙi, ni ina kula da gudu da tayoyi, hannuwana a fili inda zai gan su. Ya danna maɓalli, numfashinsa na fita da ƙyar ta cikin safar nan.

"Hwaib Nobemba Hwakistiro."

Sai muryar Baturen ta fito, ta kira sunan jirgin, ta faɗi iska, ta ce an ba shi izinin sauka.

Baba ya maimaita izinin tsaf kamar yadda doka ta ce, sannan a hankali ya ƙara da, "Roja."

Saukar kam, gaskiya, da jirgin gaske ne da sai an kira motar kashe gobara. Ya buga ƙasa, ya yi tsalle, ya sake bugawa, ya bar titi ya shiga ciyawa ya tsaya. Baba ya saki sanda ya ce, "Iska ce." Sannan ya waiwaya ya ce, "Sani, kawo motar. Oba."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Inna ta dafa kaina ta ce, "Tashi, maigida, ka sauke shi."

Likita ya ce da mun ƙara kwana biyu da labarin ya canza. Sati uku ya yi a kwance, ya dawo da ƙafarsa, ya ga girbin masara da dawa, ya ga sunan ɗan Anti Rabi. Ya ƙara saukar jirgi ya fi sau ashirin, bai taɓa tsayawa a kan titi ba, kuma kullum iska ce. Sai bayan wata takwas Allah ya karɓi abinsa, a ɗakinsa, da safe, bayan ya sha kunu.

Kawu Sani, ina fata yanzu an wanke ni.

Ban goge rajistar muryarsa ba. Da ita nake tashi har yau, don haka in kun wuce zaure kuka ji ni ina cewa "hwaib", ba kwaikwayonsa nake ba. Ɗan Hasumiya ne ya zama ɗan Sheme, in na ce "faif" sai ya ce in sake faɗi.

Ya Allah, ga bawanka Idi, wanda ya yi shekara talatin yana riƙe wa mutane matakala su hau su sauka lafiya. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka ba shi masauki mai kyau. Kai kana jin kowane baki yadda yake, ba sai an maimaita maka ba. Amin.